Daga Mosko zuwa Tsiga: Me ya sa lafazin Turanci ke kayar da ƙwararru, kuma yaya ake gyara shi?

Da yammacin ranar 12 ga Nuwamba, 1996, jiragen sama biyu suka yi taho-mu-gama a sararin samaniyar Charkhi Dadri, yamma da birnin Delhi na Indiya. Ɗaya jirgin Saudiyya ne ƙirar Boeing 747 da ya tashi zuwa Dhahran, ɗayan kuma ƙirar Ilyushin 76 ne na kamfanin jiragen Kazakistan da ke shirin sauka. Mutum 349 ne suka rasu, babu wanda ya tsira. An umarci jirgin Kazakistan ya tsaya a tsayin ƙafa 15,000, amma ya gangaro zuwa inda na Saudiyya yake tafiya, a ƙafa 14,000. Kwamitin bincike na Indiya ya ɗora laifin a kan rashin bin umarni, ya kuma ambaci raunin Turancin matuƙan, waɗanda suka saba aiki da Rashanci, cikin abubuwan da suka jawo haka.

Matuƙan sun san aikinsu. Abin da ya ci amanarsu shi ne kunne da harshe. Wannan ne ya sa batun lafazin Turanci ga ƙwararrun da harshensu Rashanci ne ya zama fanni mai zaman kansa, da malamai da littattafai da jarrabawa. Kuma idan aka duba da kyau, matsalarsu ta yi kama da ta ɗalibin sakandare a Tsiga ko Funtuwa ko Malumfashi, har ma akwai darussan da Bahaushe zai ɗauka daga yadda suke magance ta.

Ina ruwanmu da lafazin mutanen Rasha?

Ruwanmu da yawa. Kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet ne ya gina masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta bayan yarjejeniyar 1979, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta sake rattaba hannu da shi kan farfaɗo da ita. A watan Janairun 2025 Najeriya ta zama abokiyar hulɗar ƙungiyar BRICS, wadda Rasha ke cikin waɗanda suka kafa ta. Wani ɓangare na sinadarin fotash da ake haɗa takin zamani da shi a ƙasar nan, takin da manomin masara a Bakori da Ɗanja ke jira kowace damina, daga Rasha ya sha fitowa. Tun zamanin Jami'ar Patrice Lumumba da aka kafa a Mosko a 1960 'yan Najeriya ke zuwa can karatu. Kafin yaƙin 2022 kuwa, dubban ɗalibanmu na karatu a Yukren, da yawansu aikin likita, a birane irin su Kharkiv da Sumy, inda darasin ke gudana da Turanci daga bakin malaman da suka tashi da Rashanci ko Yukreniyanci.

A duk waɗannan wurare, injiniyan Rasha da injiniyan Najeriya, ko malamin likitanci da ɗalibinsa ɗan Katsina, da Turanci suke magana, alhali babu Baturen Ingila ko ɗaya a ɗakin. Kowannensu ya zo da Turancin da harshen uwarsa ya lanƙwasa. Idan lanƙwasar ta yi hannun riga, sai a yi ta magana ba a fahimtar juna.

Matasan da suka ga tutocin Rasha a titunan Kano da Kaduna da Katsina lokacin zanga-zangar Agustan 2024 sun san cewa sunan ƙasar ya shiga siyasarmu. Ko mutum yana goyon bayan wannan kusanci ko yana adawa da shi, duk wata yarjejeniya da za a ƙulla, da Turanci za a tattauna ta.

Inda harshen Barashe ke tuntuɓe

Turancin da ake koyarwa a makarantunmu yana da sautuka 44: baƙaƙe 24 da wasula 20. Rashanci yana da wasula biyar, ko shida a lissafin wasu masana, kuma ba ya bambanta dogon wasali da gajere. Saboda haka kunnen Barashe ba ya jin bambanci tsakanin "ship" da "sheep", ko "live" da "leave", ko "full" da "fool". Haka nan "bad" da "bed" sukan zame masa abu guda.

Na biyu, Rashanci ba shi da sautin "w". Mai magana da shi yakan maye gurbinsa da "v", sai "west" ta koma "vest", "wine" ta koma "vine". Ba shi da sautin "h" irin namu, sai ya kawo wani mai gurzawa a ganɗa, kusa da harafin "kha" na Larabci. Ba shi da sautukan nan biyu da ake rubutawa da "th", don haka "think" takan fito "sink", "then" ta fito "zen".

Na uku, akwai wata ƙa'ida a Rashanci da ke kashe zizar baƙin ƙarshen kalma. Duk "d" da ta zo ƙarshe sai ta koma "t", "g" ta koma "k", "b" ta koma "p". Mai magana ba ya ma sanin yana yi. Idan ya kawo wannan ɗabi'a cikin Turanci, "bag" ta zama "back", "code" ta zama "coat", "prize" ta zama "price". A bakin ɗan kasuwa ko injiniya, wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne.

Na huɗu, Bature yana sakin 'yar iska bayan "p" da "t" da "k" a farkon kalma. Barashe ba ya saki, don haka Bature yakan ji "pin" ɗinsa kamar "bin".

Inda harshen Bahaushe ke tuntuɓe

Farfesa Munzali Jibril, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 a kan bambance-bambancen lafazin Turanci a Najeriya, inda ya ware Turancin Hausawa daga na mutanen kudu. Abubuwan da masana irinsa suka bayyana, kowa na iya tabbatar da su daga kalmomin aro da ke bakinmu kullum.

Hausa ba ta raba "p" da "f". Sautinmu na "f" da leɓɓa biyu ake yin sa, ba da haƙori da leɓe ba, kuma yana sauyawa daga gari zuwa gari: wani ya ce "tafi", mutumin Sakkwato ya ce "tahi". Shi ya sa muka sami fasinja da famfo da fenti da firamare, duk daga kalmomin da suka fara da "p". Idan aka koma Turanci, "pan" da "fan", ko "pool" da "fool", ko "copy" da "coffee" sai su cakuɗe. Hausa ba ta da "v", shi ya sa muke da biza da bidiyo da talabijin, kuma "vote" ke fitowa "boat", "very" ke fitowa "berry".

Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su jeru a farkonta. Da kalma ta zo da cunkoson baƙaƙe, sai mu cusa wasali mu raba faɗa: burodi, sukurudireba, direba, firinta. A Hausa wannan gwaninta ce ta mayar da baƙo ɗan gida. A Turanci kuwa tana iya sa "sport" ta zama "support", "train" ta zama "terrain".

Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti. Da hawa da saukar murya muke raba kukan yaro da kukar miya. Turanci kuwa da danna gaɓa guda yake aiki, ya raunana sauran. Bahaushe yakan ba kowace gaɓa cikakken haƙƙinta, sai Bature ya rasa inda nauyin kalmar yake.

A kan "th" kuwa, Bahaushe da Barashe hanyarsu ɗaya: dukansu "s" da "z" suke sawa, yayin da mutanen kudancin Najeriya suka fi sa "t" da "d".

Abin da kowa ya fi ɗan'uwansa

Kwatancin yana da amfani domin yana nuna cewa babu harshen da ya gaza. Barashe yana da "p" da "f" da "b" da "v" dukansu huɗu, kuma cunkoson baƙaƙe ba ya ba shi tsoro, domin kalmar gaisuwarsa ma, "zdravstvuyte", da baƙaƙe uku ta fara. Ya kuma san danna gaɓa, tun da a harshensa kalmar "zamok" tana nufin fada ko kwaɗon ƙofa gwargwadon gaɓar da aka danna.

Bahaushe kuma yana da "w" da "h" tun daga shimfiɗar goyo. Yana da dogon wasali da gajere, waɗanda da su yake raba gashin kai da gashin nama. Wannan kunne da ya saba jin tsawon wasali jari ne babba wajen raba "ship" da "sheep", abin da Barashe ke shafe watanni yana fama da shi. Abin takaici shi ne ba kasafai malamin Turanci ke gaya wa ɗalibi Bahaushe cewa yana da wannan jari ba.

Haka kuma ɗaliban Rasha da ke koyon Hausa sun sha tasu wahalar. An daɗe ana nazarin Hausa a Leningrad, wato St. Petersburg ta yau, ƙarƙashin masanin nan Dmitri Olderogge, wanda ya jagoranci ƙamusun Hausa da Rashanci da aka buga a Mosko a 1963, kuma Rediyon Mosko ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye da Hausa. Duk wanda ya zo koyon harshenmu sai ya yi gumi a kan ɓ da ɗ da ƙ, kafin ya raba baƙi da baki. Kowane allazi da nasa amanu.

Shin dole ne mutum ya yi magana kamar ɗan Landan?

Amsar masana ita ce a'a. A 1995, Murray Munro da Tracey Derwing, masu bincike a Kanada, suka nuna cewa kaurin karin harshe daban, fahimtuwar magana daban: mutum na iya magana da karin garinsu ƙarara, a kuma fahimci duk abin da ya faɗa. A 2000, Jennifer Jenkins ta fitar da littafi kan lafazin Turanci a matsayin harshen duniya, bayan ta yi nazarin inda fahimta ke yankewa tsakanin mutanen da dukansu ba Turawa ba ne. Ta gano cewa abubuwan da suka fi muhimmanci su ne yawancin baƙaƙe, da tsawon wasali, da rashin yar da baƙi a cunkoson farkon kalma, da danna kalmar da ke ɗauke da saƙon jimla. Sautin "th", wanda malamai ke ɓata lokaci a kansa, ba ya cikin na dole. Ta kuma lura cewa cusa wasali bai kai yar da baƙi illa ba, abin da ke sassauta wa Bahaushe.

Fannin jiragen sama ma a nan ya tsaya. Bayan haɗarin 1996, babban taron Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ya zartar a 1998 cewa a tsaurara sharaɗin Turanci. Aka tsara ma'auni mai matakai shida, aka wajabta wa matuƙa da jami'an kula da zirga-zirgar jirage na ƙasa da ƙasa su kai mataki na huɗu daga watan Maris na 2008. Mataki na huɗu ya amince cewa harshen uwa zai bayyana a lafazin mutum, muddin ba ya yawan hana fahimta. Har ma hukumar ta gyara Turancin da kansa: a rediyon jirgi, lamba uku "tree" ake cewa, dubu kuma "tousand", biyar "fife", tara "niner". Wato an cire "th" da gangan domin yawancin mutanen duniya ba su da ita. Wannan ƙa'ida ce ke hawa kan duk wanda ya fito daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, matuƙar zai yi aiki da jiragen ƙasa da ƙasa. Daga Funtuwa zuwa Zariya kuwa ba wata tafiya ba ce.

Yadda ake gyarawa

Hanyoyin da ake bi da ƙwararrun Rasha su ne dai za su yi wa ɗan Tsiga aiki, sai dai jerin sautukan ya bambanta.

Kunne ke gaba da harshe. Wanda bai ji bambanci ba, ba zai furta shi ba. A 1991, masu bincike a Jami'ar Indiana ta Amurka suka horar da Japanawa manya kan raba "r" da "l" ta hanyar sauraron kalmomi masu kama da juna daga bakin mutane daban-daban, ana gaya musu nan take ko sun canka daidai. Kunnensu ya inganta, duk da sun wuce ƙuruciya. Darasin shi ne a saurari muryoyi da yawa, maza da mata, ba muryar malami guda ba.

Sai a tsara kalmomi bibbiyu da sauti ɗaya kaɗai ya raba su. Barashe ya ɗauki "west" da "vest", "bag" da "back", "live" da "leave". Bahaushe ya ɗauki "pan" da "fan", "vote" da "boat", "sport" da "support". Abokai biyu sun isa: ɗaya ya furta, ɗaya ya nuna wadda ya ji.

A san abin da baki ke yi. Domin "p", a rufe leɓɓa ruf, a sake su da iska. Idan aka riƙe 'yar takarda gaban baki, za ta motsa. Domin "f" da "v", haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. A ɗora yatsa a maƙogwaro: a "v" za a ji karkarwa, a "f" babu. Madubi ya wadatar. Barashe mai neman "w" sai ya kewaye leɓɓa ya hana haƙori taɓa su. Mai son raba "bag" da "back" kuma ya ja wasalin ta farko, domin Bature da tsawon wasalin ya fi gane su.

A fara da kalmomin aiki. Ma'aikaciyar jinya a asibitin Funtuwa ko Malumfashi ta fara da sunayen magunguna da ma'auninsu. Dillalin waken suya ko auduga da ke sa ran hulɗa da tashar tsandauri ta Funtuwa, wadda aka ƙaddamar a 2024, ya fara da lambobi da farashi. Lambobi ne suka fi haɗari: "fifteen" da "fifty", "fourteen" da "forty". Maganinsu shi ne na matuƙan jirgi: a faɗi lamba ɗaya bayan ɗaya, wanda aka gaya wa kuma ya maimaita abin da ya ji.

A naɗi murya. Duk wayar da ke aika saƙon murya a WhatsApp ɗakin gwaji ce. Mutum ya saurari jimla daga mai karanta labarai, ya maimaita, ya naɗa, ya kwatanta. Minti goma kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Kuma a rage gudu, domin yawancin abin da ake kira mummunan lafazi gaggawa ce kawai.

Inda siyasa ta shigo

Babu ɗalibin da zai shiga jami'a a Najeriya ba tare da kiredit a Turanci ba. Cikin takardun Turanci na WAEC akwai ta lafazi, mai tambayoyi 60, amma a Najeriya a rubuce ake yin ta: ɗalibi ya zaɓi amsa da fensir, ba ya furta komai, ba ya sauraron komai. Yaro na iya haddace alamomin sauti ya ci jarrabawar, alhali bai taɓa jin sautin ba. Wanda ya tashi a gidan da ake jin Turanci yana amsawa da kunnensa. Ɗan manomi a Tsiga, ta Ƙaramar Hukumar Bakori, da hadda yake amsawa. Wannan rashin daidaito ne da ba a cika maganarsa ba.

A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya, lokacin da Adamu Adamu ke ministan ilimi, ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A watan Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, ya mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, akwai tambayar da sanarwar ba ta amsa ba: daga bakin wa yaron zai ji Turancin? Idan malamin kansa bai taɓa samun horon lafazi ba, abin da ya gada shi zai gadar. Rasha da ake magana a kanta da Rashanci take koyar da injiniyoyinta da likitocinta, sannan su koyi Turanci a matsayin kayan aiki. Wannan ya nuna cewa harshen koyarwa da ingancin Turanci batutuwa biyu ne, kuma canza na farko ba ya gyara na biyu da kansa.

Ga kuma matsalar tsaro. Garin da aka shiga a watan Fabrairun 2025 aka sace tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, aka riƙe shi har watan Afrilu, ba gari ne da ƙwararren malami daga nesa zai yi ɗokin zama ba. Saboda haka mafita mai ɗorewa ita ce horar da malaman da ke wurin, 'yan ƙasar, waɗanda suka san Hausa ciki da bai, domin su ne za su iya cewa yaro: wannan sauti kana da shi, wancan ne babu.

Akwai kuma ladabin da ya kamata matasa su koya wa juna. A shafukan sada zumunta, da ɗan siyasar Arewa ya musanya "p" da "f", sai a bar abin da ya faɗa a koma yi masa dariya. Jami'an Rasha suna tsayawa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da karin harshensu, ana muhawara da hujjarsu. Gyaran lafazi don a fahimce ka wajibi ne ga mai sana'a. Auna hankalin mutum da lafazinsa kuwa jahilci ne, kuma yana hana yara da yawa buɗe baki a aji, alhali mai jin kunyar furtawa ba ya taɓa gyarawa.

Abubuwan da za a nema daga hukuma ba masu tsada ba ne. Kwalejojin ilimi, irin su ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da ta tarayya da ke Katsina, su koyar da lafazin Turanci ta hanyar kwatanta shi da Hausa kai tsaye. Ma'aikatar ilimi ta jiha ta naɗi darussan sauraro gajeru a raba wa malamai ta waya, a kuma sa su a gidajen rediyo. Hukumomin jarrabawa su mayar da takardar lafazi ta zama ta sauraro, kamar yadda WAEC ke yi a Gana. Duk ɗan takarar da ya zo Bakori ko Funtuwa ko Malumfashi da alƙawarin gyara ilimi, a tambaye shi malaman Turanci nawa ne a sakandaren Tsiga, kuma yaushe rabon da a horar da su.